Numfashi a Layi na Uku

Lahadi uku ke nan a jere Baba yana tsayuwa a coci bakinsa a rufe gum.

Wanda bai san shi ba zai ce to mene ne abin damuwa, tsoho ne, ya gaji. Sai dai wannan tsohon shekara talatin da ɗaya ya yi yana jagorantar ƙungiyar mawaƙan cocin, kuma ko da ya sauka ya koma benci na biyu kusa da taga, muryarsa ba ta sauka tare da shi ba. Daga bakin ƙofa ana jiyo ta. A gida ma haka yake. Yana aski yana waƙa, yana neman takalminsa yana waƙa. Mama ta sha faɗa cewa ita rediyo ta aura, rediyon ma wanda aka manta ba a yi masa wurin kashewa ba.

Mai kaɗa piyano a cocin yanzu 'yarsa ce, wadda har gobe kowa ke kira Auta, ko da yake ta haura talatin, malamar makaranta ce, har da nata 'ya'yan biyu. Shekara biyu ke nan ita da 'yan ƙungiyar suna ɗauko tsofaffin waƙoƙin da ke cikin littafi, masu kalmomi masu ratsa jiki amma karinsu ya tsufa har matasa na hamma a kansu, suna yi musu sabon kari. Kalma ko ɗaya ba sa taɓawa, wannan sharaɗin dattawa ne. Sun yi guda shida lafiya lau. Baba ya rera su duka, har ma ya ce da ɗaya daga ciki "ba laifi", wanda a bakinsa babban yabo ne.

Daga nan Auta ta kai hannu kan lamba ɗari da arba'in da biyu. Waƙar Baba ke nan. Baiti biyar ce, tana bin rayuwar mutum daga safiyarsa zuwa yammacinsa, a kowane baiti yana yi wa Ubangiji godiya. Da ita ya yi renon 'ya'yansa, da ita ya raka abokansa da dama makabarta. Sauran shidan a taron ƙungiya aka haɗa su, ana rerawa ana gyarawa ana musu. Wannan kuwa Auta ta ce ba mai sa mata hannu. Wata biyu ta yi a kanta ita kaɗai, a kan ɗan piyanonta na gida, da abin sauraro toshe a kunne don kada kowa ya ji, saboda so take ta ba mahaifinta mamaki. Layi na uku ta fi alfahari da shi. A tsohon karin, waƙar kan tsaya cak a tsakiyar wannan layin kamar tsohuwar mota a kan tudu. Auta ta share tsayuwar, ta ja layin ya yi ta hawa a hankali har ya zarce cikin na huɗu bai yanke ba. In ta kaɗa wurin har tsigar jikinta tashi take.

Fasto ya ji, ya yaba, ya ce ita za a riƙa rerawa kowace Lahadi har watan ya ƙare. Ranar farko Auta na kaɗawa tana satar kallon benci na biyu. Baba ya fara da ƙarfinsa kamar kullum. Layi na ɗaya, layi na biyu. A tsakiyar na uku ya yi shiru, ya dubi littafin, ya rufe shi, ya sa a hammata. Daga ranar ko a sauran waƙoƙin bai ƙara buɗe baki ba.

Bai nuna mata fushi ba, kuma da ya nuna da ta fi samun sauƙi. In ta je gida ya amsa gaisuwa, ya tambayi jikokinsa, maganar waƙa kuwa ko uffan. Da abin ya ishe ta sai ta ja Mama kicin ta tambaye ta.

"Ni ina na sani?" in ji Mama. "Babanki ne, je ki tambaye shi. Ko a banɗaki ya daina. Shekara arba'in ina roƙon Allah ya ba kunnena hutu, yanzu ya ba ni, ga shi ko abinci ba na jin daɗinsa."

Auta ta riga ta yanke wa kanta hukunci. Ta ɗauki abin da mahaifinta ya fi so ta lalata, a gaban mutum ɗari uku, har ta sa ya tsani waƙa gaba ɗaya. Abin ya tsaya mata a rai, a aji ma sai ta riƙe alli ta manta abin da za ta rubuta. Ranar Asabar da safe, saura Lahadi ɗaya watan ya ƙare, ta shirya maganarta tsaf: za ta ba shi haƙuri, gobe a koma tsohon kari, ita kuma ta tsame hannunta daga wannan aikin, in dai zai ci gaba da waƙa.

Shagon Baba na gyaran keken ɗinki yana wani ɗan lungu ne, tsakanin mai yankan makulli da mai gyaran takalma. Mutum in ya miƙa hannuwansa biyu sai ya taɓa bango da bango. Kawunan kekuna na jere a kan katakai, kowanne da 'yar takarda ɗaure a wuya, ga gwangwanin madara cike da sukurori, ga warin mai da ya kama har labulen ƙofa. Auta ta kai hannu za ta ɗaga labulen sai ta tsaya.

Waƙa ake yi a ciki, ƙasa-ƙasa, kuma karinta ne. Nata, sabon, ba kuskure ko ɗaya, har da 'yar lanƙwasar da ta sa a ƙarshen layi na biyu wadda rabin 'yan ƙungiya ba su iya ba. Muryar ta shiga layi na uku, ta fara hawa, ta yi siriri, ta tsinke. Sai haki, sai tari. Ta ji ƙarar sukudireba a kan ƙarfe, sannan aka sake ɗaukowa daga farko. A daidai wurin ta sake tsinkewa. Sau huɗu Auta na tsaye tana ji, mai yankan makulli na kallonta yana mamakin matar da ta zo ta tasa labule a gaba.

Ta yi gyaran murya ta shiga. Baba ya yi wuf ya duƙufa kan keken da ke gabansa kamar wanda aka kama da hannu cikin gwangwanin sukari.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Yaushe kika zo?"

"Na ɗan jima a waje."

Ya gane abin da take nufi. Ya ajiye sukudireban, ya ɗauki tsumma yana goge hannu, ya daɗe yana gogewa fiye da yadda hannun ke buƙata.

"To ai kin ji," ya ce. "Ba sai na faɗa ba."

"Ni na zaci ba ka son ta ne, Baba. Zuwa na yi in ce maka gobe za mu koma tsohuwar."

"Ba na son ta?" Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. "Wa ya gaya miki? Sati uku ina fama da ita a nan, har mai takalma ya haddace ta. Waƙar ba ta da laifi, Auta. Ƙirjin ne ya ƙare." Ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa da yatsu biyu. "Tun zazzaɓin nan na bara likita ya ce huhun ba zai koma kamar da ba. Na ce surutunsa yake yi. To ga shi na gani. Yaran nan suna wuce wurin sumul, ni kuwa ko rabi ba na kaiwa. Mutumin da ya koya wa rabin cocin nan waƙa ya tsaya gaban jama'a yana haki kamar wanda aka biyo? A'a. Gara in rufe bakina da mutuncina."

Daɗi da tausayi suka haɗu suka lulluɓe ta. Bai ƙi waƙarta ba, wannan kaɗai ya sa ta ji kamar an sauke mata buhu daga ka. Amma ga tsohon nan ya zauna shi kaɗai a cikin warin mai ya fid da rai da muryarsa, bai gaya wa kowa ba, ko matarsa.

"Haba Baba," ta ce, "ai wurin ba shi da wuya. Dabara ce kawai. Ka cika ƙirji tun farkon layi, ka riƙa saki kaɗan-kaɗan. Bari ka ji."

Ta gyara tsayuwa, ta ja numfashi irin na malamar da za ta nuna wa ɗalibi abu mai sauƙi, ta fara. Layi na ɗaya ya fita tas, na biyu ma haka. Ta shiga na uku da ƙarfin gwiwa, ta hau, ta ƙara hawa, sai ta ji ƙirjinta ya zama fanko alhali da sauran tafiya a gabanta. Ta matsa, muryar ta koma ta sauro, ta mutu. Da kalma biyu kacal ta ɗara Baba.

Suka kalli juna.

"Ban shirya ba ne," ta ce. Ta sake, wannan karon har da ɗaga kafaɗu. Ta sake tsinkewa a wurin.

"Tsaya," in ji Baba a hankali. Ya cire tabaraunsa ya ajiye. "Auta, tsakaninki da Allah, kin taɓa rera waƙar nan da bakinki? Daga farko har ƙarshe, da murya a buɗe, ke kaɗai?"

Ta buɗe baki za ta ce sau dubu, sai ta fasa. Sau dubu ta kaɗa ta, wannan gaskiya ne. Ta rera ta a zuci, ta yi ta da hanci tana wanke-wanke. A wurin koyo kuma tana zaune ne a kan piyano, tana ba su karin da yatsu suna ɗauka. Amma ta tsaya ta buɗe baki ta rera, ko sau ɗaya ba ta yi ba.

"To su 'yan ƙungiya fa?" ta ce, muryarta a sanyaye. "Ai su suna wucewa."

"Su ashirin ne!" Baba ya daki tebur har wani kwarkwaron zare ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin kujera. "Satar numfashi suke yi! Wannan ya ja nasa a nan, wancan ya ja a can, kai da ke nesa sai ka ji kamar zare ɗaya ne bai tsinke ba. Ni na koya musu! Ni da kaina na koya musu wannan satar, yau ga shi sun yi mini ita na kasa ganewa!"

Sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta har ta koma tari, tarin ya lafa ya koma dariya, hawaye na bin kuncinsa. Auta ta zauna a kan wani akwatin keke, kunya ta rufe ta, amma ita ma dariyar take yi, irin wadda ke zuwa bayan mutum ya daɗe a tsorace.

"Piyano ba shi da huhu, 'yar nan," ya ce da ya samu kansa. "Ki danna shi daga nan har gobe ba zai ce miki ya gaji ba. Tsayuwar nan da kika share, kin zaci waɗanda suka sa ta rashin aikin yi ne ya dame su? Nan ne tsofaffi ke shan iska." Ya girgiza kai yana share ido da bayan hannu. "Da waƙar wani ce, tun ranar farko zan gano. To ke ce kika yi. Ban kawo a raina za ki yi kuskure ba, sai na ɗora wa ƙirjina."

A cikin faɗa maganar ta zo, amma Auta ba ta taɓa jin yabon da ya kai ta daga bakinsa ba. Ta sunkuyar da kai tana wasa da zaren da ya maƙale a zanenta.

"To a koma tsohon karin kawai, Baba, kowa ya huta."

"Kada ki kuskura. Wancan karin tun kina goye na gaji da shi, kunya ce ta hana ni faɗa. Miƙo mini littafina."

Littafin na cikin aljihun tebur, bangonsa ya sha salatif. Kowane shafi cike yake da 'yan ƙananan alamu na fensir a tsakanin kalmomi, wuraren numfashi ke nan da ya yi ta sawa tun kafin a haife ta. Ya jawo wani keke mai tebur da ya gama gyarawa, ya zare bel ɗin, ya ɗora ƙafa yana takawa a hankali, ƙwas, ƙwas, ƙwas, shi ne ya zama ma'aunin bugunsu. Auta na rerawa, shi yana riƙe da fensir.

Aikin bai zo da sauƙi yadda ta zata ba. Ba a huda waƙa a inda aka ga dama, domin kari ɗaya ne ke ɗauke da baiti biyar, dole gurbin ya faɗa inda zai dace da dukansu. Suka samu wuri mai kyau a baiti na ɗaya, ya zauna daram a na biyu, suka isa na uku sai ga shi ya raba kalmar "madawwami" gida biyu. Suka matsa gaba, na huɗu ya ƙi. Suka dawo baya. Auta ta so ta ceci hawan nan nata, ta yi ta kewaye-kewaye, har Baba ya ce mata ta zaɓa, ko hawan ko mutanen. Suka yi musu sosai, irin wanda rabonsu da shi tun tana sakandare, kuma ta ji daɗinsa har cikin ranta. Wani tela ya leƙo neman kekensa, ya ga uba da 'ya suna nuna wa juna littafi da yatsa, ya ce bari ya je ya dawo.

A ƙarshe ta raba hawan biyu, ta bar bugu ɗaya da rabi fanko a tsakiya, ta rage tsayin ƙarshensa da mataki ɗaya. Ta ji zafin hakan, ba ƙarya, wata biyu ta yi tana gina shi. Amma da ta rera sai ta ji layin ya fi zama a baki.

Baba ya gwada. Ya kai gurbin, ya ja iska, ya haye, ya sauka a ƙarshen layi na huɗu da sauran numfashinsa. Ya ɗauki sukudireba, ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Baiti ɗaya a zaune ba gwaji ba ne," ya ce daga baya. "Biyar ne, a tsaye, a gaban jama'a. Sai goben mu gani." Ta lura har yanzu da sauran tsoro a idonsa.

Ƙarfe huɗu na yamma 'yan ƙungiya suka taru koyo. Da ta ce an canza layi na uku, Dogo, wanda ya fi kowa kaurin murya kuma ya fi kowa ƙorafi, ya ce, "Haba malama, ana gobe? Wata guda muna rera abu lafiya lau!"

"Lafiya lau ko? To fito nan gaba ka rera mana layin, kai kaɗai."

Ya fito yana taƙama, ya ƙare yana dafe da benci. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, mutum ashirin, ba wanda ya kai ƙarshe. Ashe kowa ya zaci shi kaɗai ne ke gazawa, sai ya saci numfashinsa ya yi shiru da bakinsa don kada a raina shi. Auta ta ce musu laifinta ne, ta faɗa a fili ba tare da kwana-kwana ba. Ta kuma kafa doka daga ranar: ba sabon karin da zai ƙara fita sai mutum ɗaya ya rera shi daga farko har ƙarshe, a tsaye, ba piyano. Dogo ya ce ya yarda, da sharaɗin ita za ta riƙa farawa.

Ranar Lahadi coci ya cika, fankoki na juyawa a sama, yara na mutsu-mutsu a baya. Fasto ya kira lamba ɗari da arba'in da biyu, jama'a suka miƙe. Auta ta ɗora yatsu a kan piyano. Ta ƙi kallon benci na biyu, kunnenta kawai ta tura can.

A layi na ɗaya ba ta ji shi ba. A na biyu ta ji wani abu ƙasa-ƙasa, kamar mai taka tsani yana gwada ƙarfinsa. Aka shiga na uku, aka hau rabin farko, 'yan ƙungiya suka tsaya, ita ma ta ɗage yatsunta.

A cikin wannan ɗan gurbin ta ji abin da ba ta taɓa ji ba duk shekarunta a kan piyano: mutum ɗari uku sun ja numfashi a tare. Sannan rabin layin na biyu ya taso da ƙarfin da rabonta da jin irinsa tun farkon watan. Tsofaffin matan bencin gaba, waɗanda ashe sati uku leɓe kawai suke motsawa, duk sun shigo. A saman su duka kuma ga muryar Baba, ta ɗan dushe, ta ɗan yi rawa, amma ita ce.

Baiti na biyu ya wuce, na uku ya wuce. A na huɗu ta ji ya ɗan yi tari, gabanta ya faɗi, sai ga shi ya dawo a layi na gaba. Aka shiga na biyar, baitin yamma, wanda ya saba rerawa a bakin kabarin abokansa. A gurbin ta tsinkayo numfashinsa daban da na kowa, da 'yar ƙarar nan tasa kamar fito. Ya haye, ya sauka, ya riƙe kalmar ƙarshe har sai da ita da kanta ta saki piyanon.

Hankalinta ya kwanta, ta gode wa Allah. Sai a lokacin ta yarda ta juya. Mama na goge ido da gefen gyale tana yi kamar wani abu ne ya faɗa mata a ciki. Baba kuwa ko inda Auta take bai duba ba. Ya lashi yatsa yana ta buɗe shafuka, yana neman waƙa ta gaba tun Fasto bai kira lambarta ba.